Mardiyya da Jinin Kwata

Wata uku ke nan Mardiyya tana yin sammako zuwa kwatar Jega duk ranar Talata, riƙe da 'yar kularta cike da ƙanƙara. Malamar jami'a ce a Aliero, bincikenta kuma a kan jinin shanu yake. Kawu Sirajo, ƙanen mahaifiyarta, mahauci ne a kwatar. Da an kayar da sa, shi ke tara mata jinin a kwalba, ta rufe ta hau mota ta koma tun rana ba ta yi zafi ba.

Abin da take nema ido ba ya ganinsa. A cikin jini akwai wani furotin, shi ke ba shi launin ja. Doguwar sarƙa ce da ta naɗe ta dunƙule. In aka warware ta aka daddatsa, wasu guntayen kan huda ƙwayar cuta su kashe ta. Burin Mardiyya ta samo guntun da zai iya da wata ƙwaya mai taurin kai da ke hana gyambo warkewa, wadda magunguna da dama suka daina ci.

Wannan ita ta sani. Mutanen kasuwa kuwa abin da suka gani shi ne mace mai tabarau tana kwasar jini. Magana ta tashi daga kwata, ta bi motocin albasa ta sauka Maiyama. Kafin ta ƙarasa Karaye, garinsu, har an ce Mardiyya ta shiga ƙungiyar asiri.

Wata Alhamis da hantsi maigadi ya leƙo ɗakin bincike ya ce tana da baƙi. Ta fito ta tarar da mahaifiyarta, Inna Azumi, fuska a ɗaure, Kawu Sirajo a bayanta yana sosa ƙeya.

Ta durƙusa ta ce, "Inna, lahiya kuwa? Da kin aiko ai da na taho."

"Ba lahiya ba. Mi kike yi da jini, ke ɗiyar ga?"

Kawu Sirajo ya ce, "Na hwaɗi mata aikin boko na, tac ce sai ta gani da idonta."

Mardiyya ta danne dariya. Ta samo musu fararen riguna da safar hannu, ta shigar da su. Kawu ya shafa teburin ƙarfe ya jinjina kai, wai da shi ke da irin wannan a kasuwa da ko ƙuda bai isa ya sauka ba. Ta kunna kwamfuta ta nuna musu hoton furotin ɗin, yana juyawa, duk ya murɗe ya sarƙe.

Inna ta ce, "Wanga ai taliya ta da ta kwana."

"To ita nike yankawa, Inna. Kin ga kwalaben ga goma sha biyu? Kowace da guntun da ke ciki."

"Sai ki ba mutane su sha? Jini ai haram na."

"Ba mai sha. In na gano guntun da ke aiki, tsarinshi zan karanta, a haɗa irinshi da sinadarai. Ba ruwanshi da sa kuma."

Inna ta sassauta mayafi. Sai idonta ya kai kan wani akwati mai ɗumi, ta tambayi abin da ke ciki.

'Yan fayafayan gilashi ne da Mardiyya ta shuka ƙwayar cutar a kansu jiya, ta ɗiga guntayen a wurare masu lamba. Sau tara tana wannan gwaji, sau tara ƙwayar na lulluɓe faifan gaba ɗaya kamar ba a sa komai ba. Ba ta so a ga na goma a gaban mahaifiyarta, amma ba halin musu. Ta ciro guda, ta duba murfinsa a liƙe yake, ta miƙa ba tare da ta kalla ba.

Inna ta ɗaga shi saitin taga. "Wanga ya ɓaci. Ga wani wuri nan hwayau, abin naki bai tsiro ba."

"Ina?"

"Nan, inda anka rubuta bakwai."

Mardiyya ta karɓa. Kewaye da lamba bakwai akwai da'ira tas, faɗinta ya kai ƙwayar gyaɗa. Ta ciro faifai na biyu, da na uku. Duk haka. Ta nemi ma'auni, ya suɓuce mata ya faɗi ƙasa, Kawu ya ɗauko mata.

"Inna, ya kashe ta! Guntu na bakwai ya kashe ta!"

Inna Azumi ba ta gama fahimta ba, amma ta ga fuskar ɗiyarta. Ta toshe hanci da safar hannun ta rangaɗa guɗa, sai ga ma'aikata daga ɗakunan kusa sun firfito a guje, sun zaci gobara ce.

Kawu Sirajo ya gyara wuyan farar riga ya sanar da su, "Jinin jan bijimin nan na, na garin Kimba. Tun da nig gane shi nic ce wanga ba sa na banza ba na."

Mardiyya ta share ido ta yi musu bayani cewa da sauran tafiya. Sai an maimaita, sai an tabbatar bai cutar da jikin mutum, kuma ko komai ya tafi daidai, shekaru ne kafin ya zama magani.

Inna ta ce, "To ki yi ta yi. Amma yanzu ki cire rigar ga mu ci abinci, dubi wuyanki duk ya rame." Ta kwance ƙullin da ta zo da shi, dambu ne da zogale, suka zauna a inuwar darbejiya suka ci da maigadi.

Cikin makonni shida Mardiyya ta maimaita gwajin sau huɗu. Ɗaya ya lalace saboda wuta ta ɗauke, uku suka fito daidai. Da ta zauna rubuta rahoton, ta kira Kawu ta tambaye shi yadda yake so a sa sunansa a shafin godiya. Ya ce ta dakata sai ya yi shawara da Sarkin Fawa, don bai san ko mahauci na shiga takardar turawa ba tare da izini ba.