Siket a Ƙarƙashin Katifa

Tun suna yara ta tsani sunan Bahaguwa da yayarta ta laƙaba mata, amma yanzu da furfura ta cinye kanta, ba abin da take marmarin ji kamarsa. Tun da Yaya ta tashi daga doguwar jinya, tunaninta ya tafi yawo bai dawo ba. Tana ci, tana dariya, tana gaisawa da kowa, sai dai ƙanwar da suka tashi a kan katifa ɗaya ta zame mata baƙuwa. "Sannu da zuwa, baiwar Allah," haka take ce mata kullum. Yayar da ba ta san sannu ba sai tsawa! Wannan ladabin yana ci wa Bahaguwa rai ba kaɗan ba.

Ran nan da hantsi tana bakin gado tana yanke wa Yaya farce, sai ga Auta, jikar Yaya, ta faɗo ɗakin kamar an jefo ta, riƙe da wani shuɗin siket mai tattara.

"Inna, an ɗauke wuta! Da yamma za mu ɗauki hoto da ƙawayena, dubi siket ɗina kamar akuya ta tauna shi. Kuma sabon yayi ne fa, ku ba ku san shi ba."

Bahaguwa ta yi dariya har da tari.

"Sabon yayi? 'Yar nan, wannan mun sa shi mun gaji tun kafin a haifi ubanki."

Sai baki ya buɗe. Ta ba ta labarin dogon siket ɗin nan da suke kira sharar titi, wanda duk inda suka bi sai ya kwaso kara da bawon rake. Ta ba ta na matsattsen da suka sa wa suna taka sannu, wanda ya hana Yaya tsallake kwata a gaban shagon mai gyaran rediyo, ta tsaya ƙiƙam har sai da aka kawo mata katako. Amma sarkinsu duka shi ne mai tattara. 'Yan matan layin sukan jeru a gindin bango su juya lokaci ɗaya, a ga na wa zai fi buɗewa.

"To da me kuke gogewa?" in ji Auta.

"Dutsen guga ɗaya ne a gidanmu, na kayan Baba ne, wa ya isa ya taɓa? Katifa ce dutsenmu. A yayyafa ruwa, a jera ninkin ɗaya bayan ɗaya, a shimfiɗa a ƙasa, a hau a zauna. Kawo ki gani."

Ta karɓa, ta tsoma yatsu a kofin ruwa ta yarfa, ta baje siket ɗin a gefen gadon. Hannun bai manta ba. Yatsunta suka shiga kama ninki suna kwantarwa, suna dannewa da farce, ita kuwa bakinta bai huta ba. Ba ta ma lura Yaya ta daina kallon taga ba.

Sai ji ta yi tas! an make mata bayan hannu.

"Bahaguwa! Wai ke yaushe za ki yi hankali? Dama ake kwantar da shi, dama! Kullum sai kin mayar hagu, kowa nasa ya buɗe ke naki ya nannaɗe miki ƙafa kamar tabarma."

Bahaguwa ta daskare. Gaskiya ce kuwa: duk ƙuruciyarsu haka take yi, hannun hagunta ya kai ninkin inda ya ga dama, Yaya ta warware ta sake, tana yi tana masifa.

"Yaya, me kika ce?"

"Kurma kika zama kuma? Ba ni nan, kada ki ɓata wa yarinya kaya."

Yaya ta fizge siket ɗin. Yatsun nan da cokali ma ke gagararsu wani lokaci suka jera tattarar tsaf, kowane ninki ya bi ɗan'uwansa. Hawaye suka zubo wa Bahaguwa, ga dariya ta ƙi tsayawa. Daɗi ne ya kama ta, irin wanda ta fid da ran sake ji.

"Kukan me kike yi? Daga ɗan wannan dukan? Ɗaga katifar."

Auta ta kama Yaya ta miƙe, Bahaguwa ta ɗaga katifa, aka kwantar da siket. Tsofaffin biyu suka hau suka zauna kafaɗa da kafaɗa, suna musu a kan wadda ta fi nauyi. Yaya ta tuna katakon kwata, ta rantse ba ita ba ce, Bahaguwa ce. Bahaguwa ta karɓi sharrin da hannu biyu.

Da la'asar aka zaro siket, ninkin ya fito da kaifi. Auta ta sa, ta juya a tsakar ɗaki, ya buɗe fal. Yaya ta tafa.

Bahaguwa ta sani sarai, wataƙila gobe ta koma baiwar Allah. Shi ya sa da Auta za ta fita ta jawo ta gefe ta rage murya.

"Kina da wani mai tattarar?"

"Akwai ja. Amma Inna, ai an kawo wuta."

"Ina ruwana da wuta? Gobe ki cukurkuɗa shi da kyau ki kawo min. Hagu zan ninke shi."