Diyyar Mai Fenti

"Riƙe min kwanon nan, Amarya, kar ya zube a kan riga."

Amarya ta karɓi kwanon ruwan ɗumi ta tsaya a gefe. Matar Mai Fenti ta ɗaga haɓar mijinta da yatsa biyu, ta bi gefen kumatunsa da reza a hankali. Shi kuwa ya zauna ƙyam a kan kujerar roba cikin farar rigarsa mai sitaci. Tabon ɗinkin ya kwanta daga bayan kunnensa har tsakar kai, gashi ya ƙi fitowa a wurin.

"Wai gwamna ne zai zo?" ya tambaya.

"Likita ne."

"Wa ba shi da lafiya?"

"Babu kowa. Daina motsa baki, zan yanke ka."

Amarya da aure ta shigo gidan hayar nan, ƙofarta na kallon ta su Mai Fenti a hawa na biyu. Har ta haihu, 'yar ta fara gudu a baranda, sunan Amarya bai sake ta ba. Mijinta direban babbar mota ne, kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida. Ranar naƙudarta matar Mai Fenti ce ta kai ta asibiti, tun daga nan take kiranta Yaya. Shi kuma Mai Fenti shi ya laƙaba wa jaririyar Gimbiya, har sunan yanka ya ɓace.

Bara ne katakon da aka kafa musu na hawa ya karye a wani gini, Mai Fenti ya faɗo da ka. Kamfanin da yake wa aiki bai ba su hular kwano ba. Ya daɗe a sume, ya farka, ya dawo gida da ƙafarsa, kowa ya ce an auna arziki. Sai daga baya aka gane wanda ya dawo ba shi ne ya fita ba. Wata lauya ta karɓi maganar neman diyya, kamfanin inshora kuma ya ce sai likitansa ya zo ya gani da idonsa.

Da aka gama askin, Yaya ta shiga kintsa ɗaki. Ta yaye ledar da ke kan katifa ta cusa ƙarƙashin gado. Ta cire kwaɗon da take kulle tukunyar gas da shi. Ta kwashe magunguna ta zuba a aljihun tebur, ta ɗauko hula ta kifa masa daidai kan tabon.

"Yaya, ba Lauya ta ce a bar komai yadda yake ba?"

"A bar komai yadda yake? Baƙo ya shigo ya tarar da ledar fitsari a gadon magidanci? Ke ma dai da wata magana."

"Ai don shi zai zo."

"Don ya duba shi zai zo, ba don ya ga tsiraicinmu ba."

Likitan ya iso da jaka a hannu. Mai Fenti ya miƙe tsam, ya ba shi hannu, ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi hanya, har da ban haƙuri kan matakalar gidan. Cikin duk abin da faɗuwar ta kwashe masa, gaisuwa ce kaɗai ba ta taɓa ba. Likitan ya haska masa ido da 'yar fitila, ya sa shi ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ya ce ya matse masa hannu.

"Ya jikin nasa a gida?" ya tambayi matar.

"Da sauƙi sosai," in ji Yaya. "Mun gode Allah."

"Yana barci? Yana wanka da kansa?"

"Lafiya lau."

"Ya taɓa faɗuwa yana jijjiga?"

"A'a."

Likitan ya juyo wajen Amarya da ke bakin ƙofa da Gimbiya a goye. "Ke maƙwabciya ce? Kin ga wani canji?"

Amarya ta ga canji. Ta gan shi a ƙasa a baranda yana kakkafewa, kumfa a bakinsa, ba sau ɗaya ba. Ta tuna ranar da ya ɗauki Gimbiya zai saya mata alewa kamar yadda ya saba, aka neme su sama da ƙasa, sai mai faci na bakin mahaɗa ne ya rako su, ya ce ya tarar da shi tsaye a tsakiyar titi da yarinya a kafaɗa, yana kuka, bai san hanyar gida ba. Tun ranar ta sa aka buga mata sakata can sama inda hannun yarinyar ba ya kaiwa. Ta buɗe baki, sai idonta ya faɗa cikin na Yaya.

"Babu komai," ta ce.

Likitan ya rubuta, ya sha ruwan da aka kawo masa, ya tafi. Ko ƙarar takalminsa ba ta gama sauka ba, Mai Fenti ya cire hular ya dubi matarsa. "Wai gwamna ne zai zo?"

Bayan 'yan makonni Lauya ta hawo benen tana haki. Mace ce gajeriya mai saurin magana, ba ta ko tsaya an gama gaisawa ba.

"Baiwar Allah, me kika gaya wa mutumin nan? Ya rubuta cewa mijinki ya warke, har zai iya komawa aiki. Aiki! Mutumin da ba ya gane ƙofar bayi?"

"Ya tambaye ni jiki, na ce da sauƙi. Me ake cewa?"

"Ana cewa haka a gidan dubiya. Wannan ba dubiya ya zo ba. Ciwon ƙwaƙwalwa ba karaya ba ce da za a ɗaga hoto a nuna wa alƙali. Abin da kuke gani a cikin ɗakin nan shi ne hujjarmu, ke kuma kin share shi tas kin fesa turare."

Ta ce akwai sauran dama. Za ta nemi a sake duba shi, amma sai an samu wanda zai zauna ya faɗi komai dalla-dalla: mantuwar, fushin, fitsarin kwance, da farfaɗiyar.

"Kar ki ƙara kiran sunan nan a gidana," in ji Yaya. Ta rage murya saboda yaranta biyu suna uwar ɗaki. "Ina da 'ya mace ta fara tasowa. A tsaya gaban jama'a a ce ubanta na da wannan ciwo, gobe wa zai yarda ba gado ba ne? Mutumin nan bai taɓa barin wani ya ji sirrina ba. Ko ranar da ba mu ɗora tukunya ba, da gogaggiyar riga yake fita. Yau don ya kwanta ni zan kwance masa zani a kasuwa?"

Da Lauya ta tafi, Amarya ta zauna a hannun kujera.

"Yaya, in faɗi wata magana?"

"Kin taɓa fasawa?"

"Sharar makarantar nan da kike yi ba za ta riƙe haya da magani da karatun yara ba. Ba roƙo za ki yi ba, haƙƙinsa ne. Su suka sa shi hawa ruɓaɓɓen katako."

"Ke yarinya ce, Amarya. Ranar da naki ya kwanta, ki zo ki gaya min."

Maganar ta soki Amarya, domin nata ma kullum ransa a kan taya yake.

Haka aka ci gaba. Da safe Yaya ta tafi aiki, yara su tafi makaranta, a bar wa Amarya makulli da kwanon abincinsa. Takan leƙa ta ba shi magani ta tsaya sai ya haɗiye, ta duba kwaɗon gas, ta koma. Gimbiya kuwa ba ta barinta ta tsallake baranda.

Wata rana da azahar tana wanki a ƙofar ɗakinta, ya fito da kujerarsa ya zauna.

"Amarya, ina Gimbiya? Ta yi fushi da talakanta ne? Ta daina zuwa karɓar gaisuwa."

"Tana nan, Baba."

"Ko na yi mata laifi?"

Amarya ta dubi kumfar hannunta. Ta goge a zani, ta zare sakata, ta fito da yarinyar tana riƙe da wuyan hannunta gam. Ta tsaya da ita a inda hannunsa ba zai kai ba.

Mai Fenti ya dunƙule hannu ya ɗaga. "Ranki ya daɗe! Ashe ana ganinku?"

Gimbiya ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗaga nata ɗan hannun. Ya ce gobe zai yi wa ɗakinta fenti ruwan ƙwai, kyauta, amma sai ta biya kuɗin mota. Amarya ta mayar da ita ciki, ta koma kan wanki.

Tana matse riga ta ji ƙarar kujera. Kafin ta juyo ya kai ƙasa, jikinsa ya sandare, sannan ya fara bugawa. Gimbiya ta leƙo, Amarya ta tura ta ciki ta ja sakata, yarinyar ta tsala ihu tana dukan ƙofa. Amarya ta janye kujerar, ta naɗe busasshen zani ta cusa ƙarƙashin kansa, ta juya shi a kan haƙarƙari kamar yadda wata nas ta taɓa nuna musu. Tela na ƙasa ya hawo a guje da cokali.

"Kar ka sa masa komai a baki! Je ka tsayar da mota."

"Ai yana sakinsa, a ɗan jira."

"Wannan ba irin na kullum ba ne. Je ka!"

Ba ta yi kuskure ba. Da ya ɗan lafa sai wani ya sake kama shi. Tela da wasu maza biyu suka sauko da shi a bargo. Amarya ta miƙa Gimbiya ga matar tela, ta shiga motar da jiƙaƙƙen zani, tana kiran Yaya a waya. A asibiti aka shige da shi, aka bar su a benci. Yaya ta iso da rigar aikinta a jiki. Kafin rana ta faɗi wani likita ya fito ya tambaya wace ce matarsa.

Aka kai shi makwancinsa washegari. Abokan aikinsa sun zo, wasu da ɗigon fenti a farce. Daga kamfanin ba a ga kowa ba. 'Yan gaisuwa suna tambaya, Yaya tana amsawa, "Gajeriyar rashin lafiya ce."

Da ƙafa ta ɗauke, Lauya ta dawo. Wannan karon ta yi gaisuwa cikakkiya, ta zauna, ta ɗan jima kafin ta ɗauko maganar. Kamfanin inshora ya ce mutuwar ba ta shafi faɗuwar ba, tunda likitansu ya same shi garau, iyalinsa ma sun shaida bai taɓa jijjiga ba. Asibiti ya rubuta abin da ya kashe shi, amma sai an nuna cewa tun bayan faɗuwar abin ya fara, kuma kafin nan bai taɓa yi ba. In babu mai faɗa, ta ce, magana ta mutu tare da shi.

Yaya ta sunkuyar da kai. Yaranta suna zaune a tabarma kusa da ita, babbar tana tsifar zaren gefen mayafinta, ƙaramin ya jingina da bango.

"Yaya," in ji Amarya, "ranar nan an tambaye ni na ce babu komai, don na ga idonki. Ni na riƙe kansa a barandar nan. In aka sake tambayata, abin da na gani zan faɗa. Ki yi fushi da ni in kin so, gara ki yi fushi a cikin ɗakin nan da ki yi shi a titi da kaya a ka."

"Za ki tona masa asiri yana kwance a ƙasa."

"Shi ya gama nasa. Waɗannan fa?"

Yaya ta ɗago ta dubi yaran. Ta daɗe tana dubansu. Sannan ta goge fuska da tafin hannu, ta juya wajen Lauya.

"In za a faɗa, ba a bakin maƙwabta za a fara ji ba. Mijina ne. Ni na san abin da na wanke." Ta gyara zama. "Daga ina zan fara?"

"Daga ranar da aka sallamo shi."

Yaya ta buɗe baki, sai ta tsaya saboda yaran. Amarya ta riga ta miƙe.

"Ku taso ku taya ni, Gimbiya ta ƙi wanka," ta ce wa yaran.

Babbar ta yi jim kamar za ta ƙi, ta dubi uwarta, sannan ta kama hannun ƙanenta. Amarya ta ja ƙofar ta rufe, ta tsallaka baranda da su. Muryar Yaya tana biyo su ta ƙasan ƙofa, a hankali, ba rawa a cikinta. Amarya ta shiga bayi ta ajiye bokitin ƙarfe a ƙarƙashin famfo, ta murɗe shi har ƙarshe. Ƙarar ruwan ta cika ɗakin, ta danne muryar Yaya. Da bokitin ya cika ta juye a baho, ta mayar da shi, babbar kuma ta durƙusa tana cire wa Gimbiya takalmi.