Ranar da Abu Wasim Ya Yi Tafiyar Hawainiya

Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar Marsandin Abu Wasim daga ƙauyensu na kan dutse zuwa Beirut ya san zai isa da wuri, kuma zai isa yana salati. Shekara talatin da biyar mutumin nan yana tuƙin tasi a hanyar, bai taɓa kauce wa rami ba. Cewa yake yi ramin ne ya kamata ya kauce.

To, shi ne zai kai 'yarsa Jumana filin jirgi ranar Asabar da safe, kwana goma sha biyu bayan an yi mata tiyatar ƙarin girman mama.

Ba a gaya masa ba. Jumana, wadda ke aiki a kantin magani a Dubai, shekara goma tana son yin abin nan tana fasawa. Bana da ta zo hutu ta ce za ta yi sati wurin ƙawarta a Beirut, ta dawo gida cikin riga burmemiya tana tafiya a hankali. Mahaifiyarta Hiyam kaɗai ta sani. Shi uban an ce masa jijiyar kafaɗa ce ta riƙe.

Ba dukansa take tsoro ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Bakinsa take tsoro. Idan ya ga mawaƙiyar da aka yi wa tiyatar gyaran jiki a talabijin sai ya ce, "Wannan kam ko uwarta ba za ta gane ta ba!" Ga shi ita ce 'yar da yake taƙama da ita a kowace majalisa. Ta gwammace ta sha azabar ramuka dubu da ta ga ya sunkuyar da kai saboda ita.

Likita kuwa ya gindaya sharuɗɗa: kada ta ɗauki abin da ya wuce kilo biyu, kada hannu ya haura kafaɗa, kada bel ɗin mota ya danne ƙirji, kuma ban da jijjiga. Jumana ta leƙa ta taga ta kalli Marsandin, ta ce a ranta, likita bai san Baba ba.

Da sassafe Hiyam ta jero tsaraba a bakin ƙofa, har da garwar man zaitun da kwalabe shida na yalon da aka jiƙa a mai.

"Mama, wa zai ɗaukar mini wannan?" in ji Jumana ƙasa-ƙasa.

"Su mutanen Dubai ba su da hannu ne? Ke dai ba za ki ci man kanti ba ina raye."

Abu Wasim ya loda kayan. Da Jumana ta zauna, sai ya zaro ɗan matashin da yake tokare bayansa da shi ya jefa mata a cinya.

"Riƙe mini wannan. Ya dame ni."

Ta faki idonsa ta cusa matashin tsakanin bel da ƙirjinta, ta runtse ido, tana jiran tashin farko.

Motar ta gangara kamar mai tsoron tada jariri. Suka zo ramin gaban gidan burodi, wanda ya sha cinye tayoyin mutane, sai Abu Wasim ya taka birki ya zagaye shi cikin ladabi. Kafin su fita ƙauye motoci bakwai sun yi layi a bayansu, kowa ya ɗora hannu a kan ham. Abu Tanyus, mai sayar da tumatir, ya sha gabansu da akori-kurarsa, ya leƙo.

"Abu Wasim! Lafiya? Ƙwai ka ɗauko ne?"

"Ƙwai na ɗauko, ina ruwanka? Wuce, tumatir ɗinka na ruɓewa!"

"Wallahi yau sai na ba da labari!"

"Ka bayar, dama ba ka da aiki!"

Jumana ta so ta yi dariya, ɗinkin ya hana ta. Bayan sa'a guda Abu Wasim ya tsaya a gefen titi inda ake hango teku, ya ce injin ya yi zafi, ta fito ta ɗan tattaka kafin ya huce. Ta saci kallon allurar da ke nuna zafin injin, tana nan a tsakiya lafiya lau. Nan ta fara zargin ko ya sani. Ta yi ta kai da kawo a bakin titi, shi kuma ya buɗe gaban motar yana kallon injin da babu abin da ya same shi.

Tafiyar sa'a ɗaya da rabi ta ci musu uku. A filin jirgi, daidai inda ake tsayar da 'yan rakiya, Abu Wasim ya bi layin matafiya da ido, ya zaɓi wani ƙaton mutum mai gemu da ke tare da matarsa.

"Dubai za ku? Kai ɗan gidan wa ne?"

Cikin minti biyu an gano cewa kawun mutumin ya taɓa sayen gonar inabi a ƙauyen su Abu Wasim. Shi ke nan, an zama dangi.

"Madalla. Wannan 'yata ce. An yi mata aiki, kwana goma sha biyu yau. Jakarta kai za ka sa a sama, kai za ka sauke. Garwar nan ma kai ne." Ya juya ga matar. "Ke kuma, 'yar'uwa, duk sa'a ki tashe ta ta zaga cikin jirgi, ki dinga ba ta ruwa."

Ya zaro wata takarda da ta sha ninki daga aljihun rigarsa, ya duba ko ya manta wani abu. Rubutunsa ne, manya-manyan baƙaƙe a karkace. "Maganinki yana jakar hannu? Safar nan mai matse ƙafa fa, kin sa?"

Jumana ta bi shi da kallo. Da ƙyar ta ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun ranar da kika dawo daga Beirut. Shekara arba'in ina tare da uwarki, magana ba ta taɓa kwana a bakinta ba." Ya ninke takardar. "Na dai gode Allah da kika bar hancin. Hancin nan na gidanmu ne."

Matar mutumin ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Jumana ta yi dariya kaɗan, ta dafe matashin da har yanzu yake hannunta, sai ga hawaye.

"Ba ka ji haushi ba?"

"Na ji mana. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba."

Ta sunkuyar da kai. Ya sa yatsa ya ɗago haɓarta.

"Ba don aikin ba, jikinki ne, ke kika san abin da yake damunki. An kwantar da ke, an sa miki allurar barci, an sa wuƙa a jikinki, ni kuwa ina bakin shagon Abu Tanyus ina buga dara ina dariya. Da wani abu ya faru fa?" Ya yi gyaran murya da ƙarfi, kamar tari ne ya kama shi. "Nan gaba, ko farce za a yanke miki a asibiti, ki kira ni. Ba zan tambaye ki dalili ba. Kujerar bakin ƙofa kawai nake so."

"Zan kira ka, Baba," in ji ta.