Sa Hannun Timothy

Fom ɗin canjin kwaleji shafi biyu ne kacal, amma sai da ya yi wata uku a jakata saboda layi ɗaya: sa hannun wanda ya tsaya wa ɗalibi ranar da aka ɗauke shi. Ni wana Timothy ne ya tsaya mini. Ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, shi ya riƙe ni da Mama tun rasuwar Baba.

A watan Fabrairun 2000, ko shekara ba a cika ba da komawar sojoji bariki, gari ya rikice. Ina kwalejinmu ta koyon aikin jinya a ƙetaren kogi. Wata malamarmu ta cusa mu a motarta ta kawo mu Barnawa. Timothy bai sani ba. Ya baro masaƙa ya haye gada don ya ɗauko ni. Ni na iso gida, shi kuwa har yau.

Da aka koma karatu na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Amma duk sanda bas ta hau gadar nan sai in hango bayansa cikin masu tafiya a ƙasa, da shuɗiyar rigarsa ta aiki, yana sauri zai je ɗauko ni. Rannan har na sauka na bi wani bawan Allah, ya juyo, ashe dattijo ne. Shi ya sa na nemi komawa wata kwaleji a Kamazou, inda ba sai na haye ruwa ba.

Mista Benson, akawun ofishin rajista, irin mutanen nan ne da ko gobara ta tashi sai sun rufe fayil kafin su gudu.

“Rebecca, ƙa'ida ce,” in ji shi. “Ko ya zo ya sa hannu, ko ki kawo takardar shaidar mutuwarsa mamanki ta sa a madadinsa.”

“Ba mu ga gawa ba, sa.”

“To ta je kotu ta rantse ya mutu mana. Minti goma an gama.”

Minti goma wai. Mama fa, matar da kullum take zuba masa tuwo a kwanonsa ta rufe da faifai. Fasto ma da ya zo da maganar a yi masa addu'ar bankwana, ruwa ta ba shi ta raka shi ƙofa. Duk da haka na yi mata maganar.

“In ɗora hannu a Littafi Mai Tsarki in kashe ɗana?” ta ce.

Na ji haushinta, ba zan ɓoye ba. Ga ni a gabanta da raina, ita hankalinta na kan wanda ba ya nan. Ranar Juma'a za a rufe karɓar fom. Laraba, tana kasuwa, na ɗauko littafinsa na waƙoƙin coci inda ya sa hannu a shafin farko. Na yi ta kwaikwayo har hannuna ya saba da dogon kan harafinsa na farko. Na sa a fom, na rubuta kwanan watan ranar. Mista Benson ko ɗaga kai bai yi ba, shi dai layi ya cika. Ya buga hatimi ya miƙo mini kwafina.

Asabar na dawo daga ɗiban ruwa na tarar da Mama zaune a tsakar gida. Ta zazzage jakata za ta wanke, takardar na hannunta. Mama ba ta yi boko mai nisa ba, amma ta san hannun ɗanta, ta kuma san lambobi.

“Laraba,” ta ce a hankali. “Wannan Larabar da ta wuce.”

Fuskarta ta yi wani haske da rabona da ganinsa tun kafin rikici. Tsoro ya kama ni.

“A can ƙetare kika gan shi? Ɓuya yake yi, ko?” Ta shafa tawadar da yatsa. “Hannunsa ya ɗan yi rawa. Yana cin abinci kuwa?”

Na buɗe baki in faɗi gaskiya, na kasa.

“Yana ci, Mama.”

Bayan sati uku takardata ta fito. Yanzu a Kamazou nake karatu, ban sake taka gadar ba. Mama ce take haye ta kullum da safe, da kwanonsa ƙulle a ɗankwali, ta je ta zauna a ƙofar tsohuwar kwalejina.