Titin da Ambo Sakka Ya Share wa Jemagu

Ranar rabon gado Ambo Sakka ne ya fara zaɓe, da yake shi ne babba. Ya ɗauki kurmin bayan gida da bishiyoyin aren na mahaifinsu, waɗanda ake tatsar ruwansu a dafa mazarƙwaila, ya bar wa ƙanensa La Mappe wani ƙeƙasasshen tudu da ko shanu ba sa marmarinsa. Kwatsam sai kamfanin lantarki ya kafa ƙatuwar fankar iska a kan tudun nan. Yanzu duk baƙon da ya sauka a mota "fankar La Mappe" yake tambaya, a wurin biki ma ƙanen ake ja gaba. Abin na cin Sakka a rai ba kaɗan ba. Sauƙinta ɗaya, kurmin ya tare, daga barandarsa ba ya hango ta.

Da aka ce za a ƙara fankoki, wata ma'aikaciyar kamfanin, Ibu Nurlia, ta zo da damina ta ɗaure wa bishiyoyinsa ƙananan akwatuna masu sauraron kukan jemagu. Ta ce fukafukan fanka na kashe jemage, saboda haka inda suka yi yawa ba a kafawa. Za ta dawo da rani ta sake saurare.

Sakka ya yi nasa lissafin. Jemage dai a bishiya yake, tudun La Mappe kuwa ba ko inuwa. Ya aro injin zarto.

"Baban Rusna, aren ɗin Baba za ka kayar?" in ji matarsa, Indo Cenning. "Su ne fa tukunyarmu."

"Ke dai ki zuba ido. Tawa sai ta fi tasa tsayi."

"Oho! Ashe ba fanka kake so ba, ƙanenka kake so ka gani a ƙasa."

Ta taɓa inda ke masa ciwo. Ya sare kurmin ta tsakiya, fili fetal tun daga bayan ɗakin girki har gangare.

Da rani Ibu Nurlia ta dawo, ta ɗaure akwatunanta, bayan 'yan kwanaki ta zo kwancewa. Sakka ya sa sabuwar hula, aka kawo kofi da soyayyar ayaba. Ko kurɓa ba ta yi ba.

"Baba, wa ya ba ka shawarar wannan saran?"

"Gyara muku wuri na yi, 'yata. Yanzu ai jemagun ba su da mafaka."

"Wayyo Baba! Da kurmin ke cunkushe da ƙyar akwatuna suke jin wani abu, wurinka muka fi sa wa rai. Irin jemagun da fanka ke bugewa ba sa son cunkoso, bakin daji suke bi da inda aka buɗe, nan ƙwari ke taruwa. Titi ka share musu. Ban taɓa jin hayaniya irin ta bayan gidanka ba."

"To in na ƙarasa sare sauran fa?"

Indo Cenning ta leƙo daga ɗakin girki. "Sai ka haɗa da gidan, Baban Rusna, kowa ya huta. Garin neman gira an rasa ido."

Ibu Nurlia ta ba da haƙuri ta tafi da akwatunanta.

Gab da magariba Sakka ya fito baranda da butar alwala. Jemagu sun cika titin da ya share, suna shawagi a kan kututturan aren. Ya bi su da kallo har ƙarshen filin, sai ga ta can tsaye, fara sol, tana juyawa a hankali. Babu ko reshe ɗaya da ya rage tsakaninsa da fankar La Mappe.

Ya ja kujerarsa ya juya mata baya. A jikin gilashin tagar da ya fuskanta ma hotonta yake gani.