Ranar da Sumana Ya Yi Mini Ladabi

Sumana taubashina ne, ɗan kawuna, kuma tun muna yara bai taɓa gaishe ni bai haɗa da zagi ba. A bakinsa ni bawansa ne, a nawa shi ne bawan, duk Gaya ta san haka. Inda ya fi ƙwarewa shi ne ɗaukar takalmi. In na cire sabo a ƙofar masallaci ko wurin suna, sai in fito in tarar da tsofaffin silifas ɗinsa, shi kuwa yana can gaba yana taku kamar shi ya saya. Al'ada ta ba shi, ba ni da bakin magana.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar Malanbil ta kan iyaka, kamiyoyina, manyan motocin dakon kaya, suka zauna suna tsatsa, ita ma zuciyata ta ga ba ta da dalilin wahala ita kaɗai. A Yamai aka tsaga ƙirjina aka gyara ta, aka ɗaure ƙashin da waya. Da na dawo, Sumana ne na farkon zuwa dubiya.

Ya ce, "To bawana, da sunka buɗe, sun iske zuciyar kuwa? Ni na ce musu kada su wahala."

Na rungume matashi a ƙirji don tallafe ɗinkin, na yi dariya har hawaye, matata Zalika tana harararsa.

Ba a jima ba ɗinkin ya yi ja, ya kumbura, ya fara fitar da ruwa mai wari. Zazzaɓi ya rufe ni, in na yi tari sai in ji wani ƙas a ƙirji. Aka maida ni Yamai. Lokotoro ya ce ciwon sukarina ne ya ba ƙwayoyin cuta hanya, har sun taɓa ƙashi. Aka sake buɗe ni, aka kankare ruɓaɓɓen nama, aka wanke, aka sa sabuwar waya, aka yi ta ɗura mini magani ta jijiya har hannuna ya koma rariya.

Da aka sallame ni, akwai sauran rami a naman da ke saman ƙashin. Aka cusa masa wani baƙin soso, aka manne da leda, aka jawo tiyo zuwa wani ɗan inji da nake ratayawa a jaka. Aikinsa zuƙe ruwan ciwon ba dare ba rana. Da yake an yanke mana wutar Najeriya, da batirin kamiyona ake cajinsa, shi ne kawai aikin da motar ta samu a shekarar. Matsalar injin ɗaya ce. Lokaci zuwa lokaci yakan saki irin ƙarar da mutum mai mutunci ba ya saki cikin jama'a.

Tun a mota nake tanadin amsoshin da zan ba Sumana, don na san wannan inji abincinsa ne na shekara.

Ya zo, ya yi sallama, ya zauna a gefen tabarma ya naɗe ƙafa.

Ya ce, "Alhaji Cha'ibu, ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi."

Alhaji. Ni. Ina jiran sauran maganar, sai injin ya saki nasa, dogo, har da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Sumana ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki. Sannan ya jawo wani buhu da ya shigo da shi, ya zazzage a gabana. Takalmana ne, har da wanda na sa ranar auren ɗiyata.

Ya ce, "Naka ne. Na ce bari in maido."

Sau ɗaya na taɓa ganin Sumana ya yi wa wani daga gidanmu ladabi, wato yayana Alassan, lokacin da ya kwanta ciwo. Alassan bai ga ƙarshen watan ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a gadon aiki. Na tabbata an gaya wa Sumana abin da aka ɓoye mini.

Fadima, ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa canja soson, takan leƙa ramin ta ce, "Baba, nama ya yi ja, yana cikowa, alama ce mai kyau." Sai in ce to. Ai shi ma Alassan da sauƙi ake ta ce masa. Ni lokotorona Sumana ne, kuma ya riga ya yanke hukunci.

Na shiga yi masa tarko. Na kira shi bawa gaban baƙi, ya ce, "Haka ne, Alhaji." Na taɓo sanƙonsa, na taɓo jirgin kamun kifin da ya saya ya nutse ranar farko a bakin gaɓa, ya ce, "Ƙaddara ce, Alhaji." Har matsawa nake kusa da shi da jakar injin don ya ji da kyau. Sai ya ciji leɓe ya ce zai je ya duba awaki. Mutum ba ya da ko akuya ɗaya.

Da na ga haka sai na fara shiri. Na aika aka kira maƙwabta na nemi gafara, har da waɗanda su ne suka cuce ni. Na zaunar da Zalika na ce in ta gama takaba ta yi aurenta, na yafe, amma ban da Sumana.

Ta ce, "Alhaji, ci tuwonka, yana hucewa."

Ranar da Fadima ta cire injin, ta danna ƙirjina ta ce in yi tari. Na yi, ba ƙas. Ta ce ƙashi ya kama, ramin ya cike, sai ɗan wanki da auduga. Na gode mata kamar yadda ake gode wa mai ba da haƙuri, na juya ga bango.

Can sai na jiyo muryar Zalika a zaure. "Ƙashi ya kama. Na sake ka, amma a hankali."

Sumana ya ce, "Baiwar Allah, kin kusa halaka ni. Kin san abin da na haɗiye kan injin ga?"

Ashe lokotoro ne ya gargaɗe ta cewa dariya mai ƙarfi na iya yaga wayar daga ƙashin, ita kuma ta tsare Sumana ta sa shi rantsuwa. Ni kuwa na bi unguwa da neman gafara.

Ya shigo ba sallama, ya tsaya a kaina. Na jawo matashi na rungume, na shirya. Idonsa ya ciko. Duk abin da ya tara bai fito ba, sai cewa ya yi, "Bawa, ka rame," ya juya ya fita da sauri.

Na ce wa Zalika, "Har takalman ma ke kika sa shi ya maido?"

Ta ce, "Waɗanne takalma? Ni dariya kawai na hana shi."

Na daɗe ina kallon buhun a kusurwar ɗaki. Ashe ba ni kaɗai ke shiri ba.

Juma'ar farko da na iya zuwa masallaci, na zaɓi mafi kyau a cikin buhun na sa. Da aka idar na fito, babu su. Wasu tsofaffin silifas ne a wurin, ɗaya an ɗaure igiyarsa da waya. Na zura ƙafa na taka zuwa gida a hankali, ina gaisawa da kowa.