Hancin Doña Mela

Ranar Laraba da ƙarfe bakwai na safe Ileana ta shigo ɗakin ɗanɗano da ƙafarta. Tun da ta gaji masana'antar tabar daga mahaifinta ba ta taɓa leƙo mu a wannan lokacin ba, don ta san doka: daga bakwai zuwa takwas ɗakin namu ne mu uku, ko Fadan coci ne ya zo sai ya jira a waje. Akwatin puro ne a hannunta, irin namu na katako, taba naɗin hannu guda ashirin kowace da zobenta na zinariya, amma an riga an ɓalle hatimin. Ta dire shi a tsakiyar tebur.

"Bajamushen nan ne ya dawo da shi," in ji ta. "Wai akwai wani abu a ɗanɗanon. Wai ba shi ne abin da ya saba saya ba."

Don Casimiro, mai haɗa mana ganye, ya kwashe da dariya har tumbinsa na dukan tebur. "Bajamushe! Mutumin da ke cin ruɓaɓɓen kabeji da safe shi zai koya mana ɗanɗano?"

Ileana ba ta taya shi ba. "Na ce wa Bajamushen duk abin da ya fita daga gidan nan sai da ya bi ta hancin Doña Mela, kuma hancin Doña Mela bai taɓa yin ƙarya ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Akwai dubu arba'in a ɗakin ajiya, haɗi ɗaya da wannan, kuma jibi mota za ta zo. Ku sha a gabana. In kun ce zinariya, a sa musu zobe su tafi. In kun ce a'a, a ɗaure su dami-dami a sayar ba suna, ko da kwatan kuɗinsu ne."

Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa.

Ni ce Doña Mela. Shekara talatin da huɗu ina kan kujerar nan, kuma a wannan safiyar wata huɗu ke nan cif hancina ba ya jin komai.

Zazzaɓi ne ya kama ni a watan Mayu, farkon damina. Kwana shida na yi a kwance na tashi garau, sai ranar da na ɗora wake ya ƙone ƙurmus ina zaune kusa da murhu ina tsince shinkafa, har maƙwabciyata ta zo tana dukan ƙofa tana ihun gobara. Kofi ya koma mini ruwan zafi mai launi. Ba abin da ban yi ba. Na shaƙi tafarnuwa, na shaƙi ɓawon lemo, na kunna kyandir a coci har mai shara ya fara gaishe ni da suna. Na je Managua, babban birni, a ɓoye, likita ya ce zai iya dawowa nan da wata, ko shekara, ko ba zai dawo ba sam. Wannan kuwa ko mai sayar da masara a tasha zai iya gaya mini.

Ban faɗa wa kowa ba. A garinmu Estelí in an ce hanci, ni ake nufi. In hancin ya tafi, abin da ya rage tsohuwa ce mai kaifin baki, sai a maida ni dogon benci in riƙa cire jijiyar ganye tare da matan da na shekara ina yi wa faɗa. Aikin ba ya ba ni tsoro. Kallon da za su yi mini nake tsoro.

Da me na rayu wata huɗu? Da yatsuna, don su ba su yi zazzaɓi ba. Sauran kuma da fuskar Casimiro. A dokar ɗakin ba a magana sai an cinye kashi biyu cikin uku na puro, kowa da takardarsa da fensirinsa. Sai in sace kallonsa. In na ga ya lumshe ido ya jingina, in rubuta tara cikin goma a gurbin ƙamshi. Na ukunmu, Evenor, ban ko damu da shi ba. Mutum ne ɗan shekara arba'in da wani abu, shiru-shiru, kullum kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da kuɗi.

Kowa ya ɗauki ɗaya daga akwatin. Na cire zoben na ajiye. Na murza puro ɗin tsakanin yatsu daga kai zuwa gindi, ina laluben kulli ko rami, babu. Na kai shi kunne na ɗan matsa, bai yi ƙarar bushewa ba. Ganyen waje, wanda muke kira riga, sumul yake yana sheƙin mai, jijiyoyinsa sun kwanta. Na yanke kan, na ja iska kafin a kunna, ta zo daidai, ba a shaƙe ba, ba kuma fayau ba. Duk wanda ya naɗa wannan ya san hannunsa. Na rubuta tara a gurbin naɗi da zuciya ɗaya, kuma daga nan gaskiyata ta ƙare.

"Komadre, yau hannunki rawa yake," in ji Casimiro. Haka yake kirana tun da na riƙe masa 'yarsa ranar baftisma. "Ko Bajamushen ne ya aiko miki da wasiƙar soyayya?"

"Rufe mana baki, kompadre. Kai da ko matarka ba ta aiko maka da gaisuwa."

Ya yi dariya, muka kunna da silin katako. Na gasa gindin a hankali, na zuƙa, na riƙe hayaƙin a baki, na sako kaɗan ta hanci yadda na koya wa rabin garin nan. Ɗumi kawai na ji. A da, a wannan zuƙar ta farko, zan gaya maka ganyen Jalapa ne ko na Condega, shekararsa nawa a dami, har in ce maka an yi ruwa a makon da aka tsinke shi. Yau iska mai ɗumi ce ke shiga tana fita, Ileana kuma tana bakin ƙofa ta zuba mini ido.

Wutar tana ci daidai, zobe siriri baƙi. Tokar fara-fara, ta riƙe kanta ba ta zube ba. Na saki fuskata kamar kullum, na ɗaga ido a hankali zuwa ga Casimiro.

Bai lumshe ido ba. Ni yake kallo.

Na kau da kai, na kurɓi ruwa, na sake dubawa. Har yanzu ni yake kallo ta gefen ido, fensirinsa a tsaye a sama, gurbin ƙamshi fari fat. Na ce a raina, don Allah tsohon nan yi abin da ka saba. Muka kai tsakiyar puro ba wanda ya rubuta komai a gurbin ƙamshi.

Ban san abin da ya sa na yi ba. Wataƙila tsoro ne ya matse mini fuska. Na dai ji na haɗa gira, sai na ga girar Casimiro ta haɗu. Na saki fuska na ɗan gyaɗa kai, irin na wadda ta ji daɗi. Ban gama gyaɗawa ba ya jingina da kujera ya lumshe ido. Na kai fensir kan takarda, nasa ya sauka. Na ɗage nawa, ya ɗage nasa. Na juya ga Evenor, shi ma ta ƙasan ido hannuna yake bi.

A nan na gane abin da muka yi wata huɗu muna yi. Ina shigowa in shimfiɗa fuskar jin daɗi don in ɓoye tsorona, shi ya ga fuskar ya lumshe ido, ni kuma in ga ya lumshe in rubuta tara. Ƙaryata nake karantawa a fuskarsa ina ce mata shaida. Tun Mayu ba hancin da ya tsaya tsakanin ɗakin ajiya da mota.

"Doña Mela?" in ji Ileana. "Kun wuce kashi biyu."

Hanya a buɗe take. In rubuta tara, su rubuta tara, a ce Bajamushe mura yake yi. Jibi mota ta tafi, ni kuma in ci gaba da zama a kujerata, ƙila kafin wani akwatin ya dawo hancina ya riga shi dawowa. Wallahi na so in yi. Har na ɗora bakin fensir na fara zagayen tara. Sai na ga fensira biyu sun sauka tare da nawa, kamar kaji sun ga an watsa tsaba, kuma wani irin haushi ya turnuƙe ni, nasu da nawa duka.

Na ajiye fensirin.

"'Yata," na ce, "ban san abin da ke cikin puro ɗin nan ba."

"Kamar yaya ba ki sani ba?"

"Naɗi tara ne, ci tara ne, wannan na rantse. Ƙamshi da ɗanɗano ban sani ba. Tun zazzaɓin Mayu ba na jin komai. Ko ƙafar Casimiro kika kunna mini zan ce miki ta yi."

Ba wanda ya yi dariya. Tokar Casimiro ta faɗo masa a riga bai ko kaɗe ba. Ileana ta miƙe a hankali ta zo ta dafa tebur da hannu biyu.

"Tun Mayu," ta maimaita. "Don Casimiro, to kai fa? Kai me ka ji?"

Ya buɗe baki ya rufe. Mutumin da ko a jana'iza ba ya rasa abin faɗa. "Uwar ɗakina," in ji shi da wata 'yar murya, "goma nake sha a rana tun ina saurayi. Harshena ya mutu tun kafin ki yi aure. Ni ganye na sani, da ido da hannu. Ɗanɗano kuwa, ai ga komadre. Me zan ƙara a kan komadre?"

"Munafuki," na ce.

"Ke ce za ki ce haka yau?"

Ya fi ni gaskiya.

Ileana ta juya ga Evenor. "Kai ma harshenka ya mutu?"

"A'a, uwar ɗakina."

"To me ka ji?"

Ya dube ni. Ya dubi puro ɗin da ke hannunsa, ya sake dubana. "Farkonsa lafiya lau," in ji shi, da ƙyar ake jin sa. "Koko da ɗan barkono, yadda ya kamata. Amma daga tsakiya akwai warin jiƙaƙƙen buhu. Ganyen ciki ne ya sha danshi. Ina jin daga damin da ke jikin bangon yamma ne, inda rufi ke yoyo."

"Yau ka fara jin sa?"

"A'a."

"Tun yaushe?"

"Tun tsakiyar Yuni."

Ileana ta rufe ido. "Mota nawa ta fita tun Yuni?"

"Bakwai."

"Bakwai! Evenor, kana ji, kana rubuta tara? Me ya hana ka buɗe baki?"

Da ya yi magana, ba ita ya kalla ba, tebur ya kalla.

"Shekarata ta farko a ɗakin nan na taɓa rubuta shida inda Doña Mela ta rubuta tara. Ta ɗauki takardata ta fita da ita zauren naɗi, ta karanta wa mutum ɗari biyu. Ta ce hancina na ɗora tabarau ne kawai. Har yau yaran unguwarmu Tabarau suke kirana, ba su ma san dalili ba. Da na ji warin a Yuni, na dube ta na ga tana gyaɗa kai. Sai na ce hancina ne. Na daina shan kofi, na daina cin yaji. Har asibiti na je a duba ni."

Na tuna ranar. Na tuna yadda zauren ya ɗauki dariya, da yadda na ji daɗin dariyar. Abin da na kasa tunawa shi ne puro ɗin, ko shida ne ya dace da shi ko tara. Shekara goma sha bakwai mutumin nan yana zaune a gefena da hanci mai rai, ni na toshe masa shi, tun kafin zazzaɓi ya toshe nawa. Kunya ta rufe ni har na ji kunnuwana suna zafi.

Ileana ta zari sabuwar takarda ta ajiye a gabansa. "Dubu arba'in, Evenor. Rubuta. Abin da ka rubuta shi za a yi."

Ya ɗauki fensir. Ya riƙe shi a saman gurbin ƙamshi. Hannunsa bai motsa ba. Muna jin masu naɗi a zaure sun fara aiki, wuƙaƙe suna buga katako. Sai na ga idonsa ya zamo a hankali ta gefe, ya zo ya tsaya a kan fuskata. Bayan duk abin da ya ji da kunnensa, jira yake in gyaɗa kai.

"Kada ka dube ni," na ce.

"To, Doña Mela," in ji shi. Bai daina ba.

Na ajiye puro ɗin a kan faranti, na ɗauki jakata. Casimiro ya ce, "Komadre, ina za ki?" Ileana ba ta ce in zauna ba. Na fita na ja ƙofar har sai da ta kama, na tsaya a baranda na jingina da bango. Na daɗe ban ji komai daga ciki ba, sannan na ji ƙarar fensir a kan takarda.